Kwana ko Jeka-ka-dawo: A Hannun Wa Za Ka Bar Tarbiyyar Ɗanka?

Ranar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, ƙanwata ta zo gidana bayan sallar Isha'i, ɗanta na fari yana biye da ita. Sai da ta kora shi wajen yara sannan ta buɗe baki. "Yaya, babansu ya kafe sai makarantar kwana. Ya ce unguwar nan ta lalace, in yaron ya zauna a gabanmu 'yan majalisa za su janye shi. Ni kuwa da na tuna shekararsa 11 kacal, barci ma gagarata yake yi. Kai ka yi kwana, kuma yanzu a jeka-ka-dawo kake koyarwa. Don Allah ka gaya mini gaskiya."

Mun kai tsakar dare muna magana. Na san ba ita kaɗai ce ke cikin wannan tsaka mai wuya ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa mata, da wanda na tuna bayan ta tafi.

Abu na farko da na ce mata shi ne ta cire aji daga lissafi. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, ɗan kwana da ɗan jeka-ka-dawo abu ɗaya suke yi. Manhaja ɗaya ce, darasin addini ɗaya ne, kuma jarrabawar WAEC da NECO ce ke jiran kowa a ƙarshe. Na daɗe ina tsayuwa a gaban allo, na san iyakar abin da allo yake iyawa. Yaro zai rubuta maka ma'anar amana ya ci maki duka, a fita tara ya ɗauke biron abokinsa. A sauran sa'o'i 18 ake ƙera hali: a wajen cin abinci, a layin ɗiban ruwa, a kan hanya, a ɗaki bayan an kashe fitila. Saboda haka tambayar da za ta raba gardama ita ce: daga tashi makaranta zuwa asuba, wa ke tare da yaron, kuma wane irin mutum ne?

Masu cewa a kai yaro nesa ba daga sama suka ɗauko maganar ba. Bahaushe ya daɗe da yarda cewa tausayin uwa da uba kan hana su tanƙwara ɗansu yadda ya kamata. Shi ya sa ake ba kaka ɗan fari, gwaggo ta ɗauki 'yar wanta riƙo, uba ya kama hannun ɗansa ya danƙa wa alaramma su yi gabas neman Alƙur'ani. Da boko ya zo ma wannan turbar ya hau. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa, makarantar kwana ce. Ta cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna suka fito, bayansu Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, da dama daga cikinsu 'ya'yan talakawa ne da ba su da wata ƙofa sai wannan. Uban da ya tashi yana jin waɗannan labarai, in ya ce kwana, ba za a ce ya yi wauta ba.

Sai dai akwai abin da muke mantawa. A riƙo, mutum ake ba wa yaro, wanda aka san sunansa, aka san gidansa, yake jin kunyar iyayen. A ce masa, "Ga amana nan," ya ce, "Allah ya taya mu riƙo." A makarantar kwana ta yau, takarda kake sa wa hannu a ofis, ka biya kuɗi, ka juya. Shugaban makaranta yana gidansa. Malamin da aka ɗora wa kula da ɗakin kwana yana da iyali da hidimominsa. Wanda ka bar wa ɗanka da daddare, in za a faɗi gaskiya, siniya ne ɗan shekara 16 ko 17, wanda shi kansa ba a gama tarbiyyarsa ba.

Ba zan manta darena na farko ba. Inna ta cika mini akwati da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji da dambun nama da ta kwana tana yi. Bayan an kashe fitila sai wani siniya ya haska ni da tocila, ya ce, "Kai sabon shiga, buɗe akwatinka." Ya kwashe sukarin da dambun, ya bar mini kwaki. Da gari ya waye na nufi wajen malami, sai wani ɗan aji 2 ya riƙe mini riga, ya ce, "In ka kai ƙara ka shiga uku. Malam zai tafi gidansa, kai kuwa a nan za ka kwana." Darasin tarbiyya na farko da makarantar ta ba ni ke nan: in an zalunce ka, ja bakinka ka yi shiru. Na biyu ya zo bayan mako guda, ranar da aka ɗauke mini bokiti. Na tambayi yadda zan yi, aka ce ni ma in ɗauki na wani. Ba mai kiran wannan sata. A gidanmu kuwa ko allura ka tsinta sai ka yi cigiya. Kafin zango ya ƙare na iya ɓoye abinci a cikin katifa, na iya rantsuwa da Allah ba ni da komai alhali akwai.

Abin da ya fi ci mini rai har yau ya faru ne da na kai aji 5, aka ba ni iko a kan ƙanana. Na sha yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa yi wa wani abin da aka yi mini ba, amma da bulala ta zo hannuna ban cika ba. Akwai yaron da na sa tsallen kwaɗo har ya kasa tashi, don kawai bai ɗebo mini ruwan wanka da wuri ba. Bayan shekaru na neme shi na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, amma ya faɗa mini ranar da wurin da kalar rigar da nake sanye da ita. A irin wannan makaranta gadon zalunci ake yi, kowane aji ya haɗiye nasa ya jira lokacin da zai sauke a kan na baya. Yaro ya fito da fahimtar cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma muƙami dama ce ta ramuwa. Idan na ga yadda wasu ke wulaƙanta na ƙasa da su a ofis ko a shingen hanya, nakan tambayi kaina a wane ɗakin kwana suka koya.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa, alhali rashin faɗar shi ke ba shi wurin zama: manyan yara su lalata ƙanana, a ɗakunan maza da na mata. Yakan fara da alheri. Siniya ya ce ya ɗauki yaro ɗan ɗakinsa, ya kare shi daga duka, ya ba shi madara da sabulu, har yaron ya ga ba shi da bakin cewa a'a. Ba a kowace makaranta ba ne, kuma ba kowane uban ɗaki ne mugu ba, na san waɗanda suka riƙe ƙanana tsakani da Allah. Amma kusan duk wanda ya yi kwana ya ji ƙishin-ƙishin ɗin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10, kuma a kan 'yan gida ɗaya ake magana. Ina ga ɗakin da aka cusa yara har wasu na kwana biyu-biyu a gado, babu babba ko ɗaya a kusa?

Duk da haka, zan zama butulu in na ce ban samu komai ba. Ƙararrawa ce ke tashinmu da asuba, mu yi sallah a jam'i, mu yi shara, mu yi wanka, mu shiga aji, bayan Isha'i kowa ya zauna karatun dare ko yana so ko ba ya so. Kafin in je ban taɓa wanke rigata ba. A can na koyi guga, na koyi ɗinke maɓalli, na koyi yadda zan ja mudu biyu na kwaki ya kai ni ranar ziyara. Ɗan kwamishina da ɗan manomi kwano ɗaya muke miƙawa a zuba mana gabza, riga iri ɗaya, aski iri ɗaya. Wanda ke gadon da ke sama da nawa Kirista ne daga kudancin Kaduna. Shi yake tashina sahur da azumi don na fiye nauyin barci, ni kuma in tsare masa kayansa ranar Lahadi in ya tafi coci. Wannan manufar ce ta sa gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejojin haɗin kai, na farko a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, ta kuma ƙara yawansu bayan yaƙin basasa. Wanda ya raba kwano da ɗan wata ƙabila shekara 6, da wuya wani ɗan siyasa ya zo rana tsaka ya ce masa waɗancan ba mutane ba ne. A ganina wannan ita ce kyauta mafi girma da kwana ke bayarwa, kuma jeka-ka-dawo ta unguwa, inda kusan kowa ɗan gida ne, ba ta iya ba da ita.

Yau an ƙara wata fa'ida da ba mu san ta ba a zamaninmu. Makarantar kwana mai tsari tana raba yaro da waya wata uku cur. Duk uwar da ta taɓa farkawa ƙarfe ɗayan dare ta ga hasken TikTok a ƙarƙashin bargon 'yarta ta san darajar wannan. Ga 'ya mace kuma, a gidaje da yawa kwana ce kaɗai hanyar da za ta samu lokacin buɗe littafi. In tana gida, daga dawowa sai wanke-wanke, raino, girki, wani gidan har da talla, kuma kowane saurayi da ya yi sallama dalili ne na a fara maganar cire ta. Na ga 'yan mata da ba don kwana ba da ba su ga aji 6 ba.

Maganar ibada tana son a tsaya a kanta, domin ita iyaye suka fi kafa hujja da ita. Gaskiya ne a kwana ba a barin yaro ya yi fashin jam'i. Amma sallar da ake kora mutum zuwa gare ta da dorina, ba a sanin ta zauna sai an zo hutu. Na san abokan da ba su taɓa rasa sahun farko ba a makaranta, a gida kuwa sai rana ta take suke tashi. Na san kuma waɗanda sabon ya bi jikinsu har yau, galibinsu waɗanda suka dace da malami ko ɗan ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ya jawo su da hira da nasiha. Yaron da ke gida yana jin motsin buta da asuba, ya ga babansa ya fita masallaci cikin sanyin hunturu ba wanda ya tilasta masa, shi wani irin darasi yake ɗauka, mai shiga a hankali amma mai wuyar fita. Sharaɗin dai shi ne uban yana fita ɗin.

To, jeka-ka-dawo fa? Babban jarinta ido ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ba mai karanta fuskar yaro kamar wadda ta haife shi. Ranar da ya dawo bai ci abinci ba, ranar da aka ga sabon agogo a hannunsa ba a san wa ya ba shi ba, ranar da wata baƙuwar kalma ta fito daga bakinsa, a ranar ake tare abin tun yana ƙarami. A kwana, zango uku ake yi a shekara, kowanne kusan mako 13. Wato wata 9 cikin 12 ɗanka ba ya gabanka, kuma abin da ya faro a makon farko sai ya yi jijiya kafin ka gan shi.

Sannan akwai tarbiyyar da ba ta da darasi, sai dai a tashi a cikinta. A aiki yaro gidan maƙwabta da ƙwaryar abinci, ya koyi sallama da durƙusawa. Ya raka babansa dubiya asibiti, ya tsaya a sahun jana'iza, ya ga yadda ake yi wa mutane ta'aziyya. Ya zauna a shagon kawunsa ranar Asabar ya ga an mayar wa mai saye canjin da ya manta. Yarinya ta ga yadda uwarta ke tarbar baƙo ko da tukunya ba ta da yawa, ta ga yadda ake haƙuri da tsohuwa mai faɗa. Ya je Islamiyya da yamma wajen malamin da ya san uban, wanda zai iya tare shi a masallaci ya ce, "Alhaji, kwana biyu ban ga mutumin ba." Ni na rasa da yawa daga cikin waɗannan. Kakata ta rasu ina aji 3, ba a gaya mini ba sai da na zo hutu, wai kada a ɗaga mini hankali. Da na gama makaranta na dawo gida kamar baƙo, 'yan'uwa da yawa ban san yadda muke da su ba, zumunci sai da na koye shi daga baya da girmana.

Amma duk wannan alheri yana rataye ne a kan abu ɗaya: a ce akwai mutum a gidan. Mijin ƙanwata bai yi ƙarya ba da ya ce unguwa ta canja. Da can ɗa na kowa ne, maƙwabci zai tsawata wa ɗanka ka je ka yi masa godiya. Yanzu ka taɓa ɗan wani sai a kai ka wajen 'yan sanda, don haka kowa ya kama bakinsa. Tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar gida akwai gidan kallon ƙwallo, akwai shagon caca ta waya, akwai majalisar da ake miƙa kwalba daga hannu zuwa hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ya yi wa matasa da matan aure ɓarna, musamman a Arewa. Daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, duk daga yaran unguwa suke ɗiban sababbin hannu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai ɗalibina da ya yi mako uku ban gan shi a aji ba. Na nemi gidansu, na samu mahaifin a ƙofar gida bayan Magariba. Da na gaya masa sai ya miƙe tsaye, ya ce, "Malam, wallahi kullum ƙarfe 7 yake fita da kayan makaranta, ni nake ba shi kuɗin mota da hannuna." Ashe yaron yana da wata riga a cikin jaka. In ya sha kwana sai ya canja, ya wuce wajen masu wankin babur, ƙarfe 2 ya mayar da kayan makaranta ya dawo gida. Uban yana fita kasuwa da safe, ba ya dawowa sai dare. Uwar tana cikin gida, ba ta taɓa taka makarantar ba, ba ta kuma iya duba littafinsa. Kullum a gabansu yake kwana, amma da ɗan kwana ne da tun ranar farko an san ba ya nan. Wannan yaron sunan jeka-ka-dawo kawai yake yi, titi ne ke riƙonsa.

Tsaro ya shigo cikin lissafin da iyayenmu ba su yi ba. An kashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014. An sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun shekarar, 110 a Dapchi a 2018, yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021. Duk makarantun kwana ne, kuma bayan haka jihohi da dama sun rufe wasu makarantun kwanansu na wani lokaci. Jeka-ka-dawo ma ba ta tsira ba, don a Tegina 'yan Islamiyya aka kwashe a 2021, a Kuriga kuma da safe aka shiga makaranta a Maris na 2024. Amma ɗaruruwan yara a wuri ɗaya da tsakar dare, a bayan gari kusa da daji, hatsarinsu daban ne. Makarantar da ke irin wannan wuri, ko da mala'iku ne ke koyarwa a cikinta, ni ba zan ba da shawarar a kai yaro ba.

Kuɗi kuwa ba ya sayen abin da muke nema. Kwana ta gwamnati tana da sauƙi amma cunkoso ya yi mata yawa. Ta kuɗi tana da fanka da gado mai kyau, wani lokaci kuma tana ɓoye laifi don kada sunanta ya ɓaci, ko ta ƙi korar ɗan mai hali. Akwai kuma tambaya ɗaya da ta shafi kowane ɓangare: yaya suke yi ranar jarrabawa? Makarantar da ke karɓar kuɗi ta rubuta wa ɗalibai amsa a allo ta rushe duk wa'azin da ta yi musu shekara 6, ko da ta sa haddar Alƙur'ani a allon ƙofarta. Yaro ya ga malamin da ke koya masa gaskiya yana raba satar amsa, kuma babansa ne ya biya. Me ya rage a faɗa masa?

Ga inda na tsaya. Yaro ɗan shekara 10 ko 11, wanda wasu ma daga aji 5 na firamare ake tsallakar da shi, bai isa kwana ba. Bai iya kare kansa ba, bai iya bambance mai sonsa da mai yaudararsa ba, kuma abin da aka zuba masa a gida bai daskare ba tukuna. In akwai babba mai lura a gida, kuma akwai makaranta mai dama-dama a kusa, a bar shi ya yi ƙaramar sakandare yana kwana a gaban iyayensa. In ya gama aji 3, yana da shekara 14 ko 15, ya san kansa, yana iya cewa a'a, sai a sake zama. A lokacin, shekara 3 na kwana za su iya ba shi juriya da tsari da sanin mutane ba tare da sun tumɓuke shi daga gida ba.

Halin yaron ma abin dubawa ne. Mai zurfin ciki, wanda ko a gida sai an yi da gaske yake faɗin abin da ke damunsa, shi ya fi shiga hatsari a kwana, domin zai haɗiye komai. Mai surutu da ke zayyane maka duk abin da ya faru a yini, ko an kai shi nesa za ka ji labari.

Kwana takan fi gida a wasu halaye, kuma ba abin kunya ba ne a yarda da haka. Gidan da uwa da uba duk suke fita tun safe sai dare. Gidan da rigima ba ta ƙarewa, ko maraya da ke hannun wanda ba ya ƙaunarsa. Ƙauyen da babu sakandare sai an yi tafiya mai nisa. Yarinyar da aiki da talla za su cinye karatunta. Yaron da abokan banza suka riga suka kewaye shi, amma bai yi nisa ba. A nan, nisa rahama ne.

Abin da nake roƙon iyaye kada su yi shi ne mayar da kwana gidan horo. "Ka ci gaba, wallahi kwana zan kai ka." Yaron da ya riga ya fara sata ko shaye-shaye, in ka tura shi, ka kai wa 'ya'yan mutane matsala, shi kuma ka tabbatar masa an gaji da shi. Mun ga ƙarshen wannan tunani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sake gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, da niyyar gyara.

Wanda ya yanke shawarar kwana, kada ya je duba makaranta ranar ziyara, ranar da aka share ko'ina aka dafa shinkafa. Ya je ranar Talata ko Laraba da yamma, ya nemi a shiga da shi ɗakin kwana. Ya ƙirga gadaje ya ƙirga akwatuna. Ya tambaya: wane babba ne ke kwana a cikin ginin nan, ina ɗakinsa? In na 'yan mata ne, ina matar da ke kwana da su? An raba ƙanana da manya, ko a haɗe suke? Siniya yana da ikon duka? Yaushe aka hukunta wani a kan cin zali, me aka yi masa? Shugaban da ya ce maka a makarantarsa ba a taɓa samun irin wannan ba, ko bai sani ba ko yana ɓoyewa, kuma duk biyun ba alheri. Ya duba banɗaki da wurin ruwa, domin inda ruwa ya yi ƙaranci nan ƙanana ke zama bayi. Ya tambayi yadda yaro zai iya kiran gida ba tare da wanda yake tsoro yana tsaye a kansa ba. In ya fito, ya tsaya wajen maigadi da mai ƙosai a bakin ƙofa, sun fi ofis sanin wa ke tsallake katanga. Kafin tafiya kuma, ya zaunar da ɗansa ya faɗa masa ƙarara, ba da habaici ba, cewa ba wanda ke da ikon taɓa jikinsa, kuma duk abin da ya faru in ya faɗa ba za a dake shi ba.

Wanda kuma ya zaɓi jeka-ka-dawo, ya sani ya ɗauki aikin malamin ɗakin kwana ne ya ɗora wa kansa. Ya san ƙarfe nawa ake tashi da minti nawa hanya ke ci. Ya san abokan ɗansa da sunansu da gidajensu. Tsakanin La'asar da Magariba kada a bar ta fanko: Islamiyya, koyon sana'a, ko ƙwallo a filin da aka san masu zuwa. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Ya riƙa faɗawa makarantar ba tare da sanarwa ba, ko sau ɗaya a wata, ya karɓi lambar malamin aji. A ci abincin dare tare, ko da sau uku ne a mako, don a nan yara ke sakin baki.

Ƙanwata ta kai wa mijinta duk wannan, bai ce komai ba. Ranar Laraba ya rufe shago da wuri, ya hau mota shi kaɗai zuwa makarantar da yake so. Bai dawo ba sai bayan Isha'i. Ta ce ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya yi magana, sannan ya ce ya ga wani yaro bai fi tsawon nasu ba yana ɗauke da bokiti biyu, yana tafiya yana hutawa, ya tambaye shi na wa ne, yaron ya waiwaya ya duba bayansa kafin ya amsa. Ya ce a sayo wa yaron kayan makarantar da ke bayan masallacin Juma'a, shi zai riƙa kai shi da safe, in ya gama aji 3 a sake magana.